Yadda ake wanke yufoniyam, tuba da trombon na badujala a dawo da su aiki

Duk makaranta ko coci ko barikin da aka taɓa yin badujala a ciki, in ka shiga sito zaka tarar da su jibge a lungu, manyan ƙahonnin nan da ƙura ta rufe, kuma duk wanda ka tambaya sai yace maka ai sun mutu. Ni dai a shekarun da nayi ina busa yufoniyam ina kuma riƙe da kayan ƙungiyarmu, yawancin waɗanda aka kawo min da sunan sun mutu ba abinda ya same su sai dauɗa da rashin mai, wanda kuma ya mutun da gaske in ka bi diddigi zaka samu wani ne ya sa masa filaya ko guduma. Shi yasa nace bari in rubuta yadda nake yi, ƙanena, saboda kai da aka damƙa ma makullin sito, ko aka ce kai zaka ɗauki tuba bana.

Ka fara sanin abinda ke hannunka

Ka ɗauki kakakin fada ka naɗe shi kamar gammo, to kusan shi kenan. Bututun tagulla ne dogo, leɓenka ne ke karkarwa a ɗan bakin da ake busawa, wanda muke cewa maufis, shi kuma bututun ya ɗauki karkarwar ya mayar da ita murya. Bambancin kawai kakaki tsawonsa ɗaya ne har abada shi yasa muryoyinsa ba su da yawa, su kuwa waɗannan an sa musu bawul, in ka danna sai iska ta bi ta wani ƙarin bututu tsawon ya ƙaru murya ta sauka. Trombon na yau da kullum ba ruwansa da bawul, da hannu ake jan silaid ɗinsa ya ƙara tsawo, matsayi 7 gare shi. In an miƙe yufoniyam ko baraton ko trombon zai kai wajen ƙafa 9, tuba mai E♭ wajen ƙafa 13, babban nan mai BB♭ kuma ƙafa 18. Ka riƙe lissafin nan, don duk tsawon nan akwai dauɗa a ciki kuma ba ganinta kake ba.

Tsarin da yawancin badujalarmu ke kwaikwayo na Ingila ne, ta hannun sojan mulkin mallaka da 'yan mishan da irin su Boys' Brigade ya shigo mana. A cikakkiyar ƙungiya irin tasu ana sa tenor hon 3, baraton 2, yufoniyam 2, trombon 3, sai tuba 4 da suke kira bes, biyu E♭ biyu BB♭. Mu nan in an samu tuba ɗaya mai numfashi ai sai hamdala. Mutane na rikita baraton da yufoniyam, tsawonsu ɗaya ne amma yufoniyam ya fi ƙiba, bututunsa na buɗewa da wuri shi yasa muryarsa ta fi kauri da taushi. Shi tuba a Jamus aka ƙirƙiro shi, a 1835 Wieprecht da Moritz suka yi masa rajista a Balin, amma tsofaffin da zaka tarar a sitonmu yawanci Besson ne ko Boosey & Hawkes na Landan, sababbin kuma Yamaha ko 'yan China. Kar ka raina tsohon Besson don ya yi baƙi, ƙarfensa ya fi na sababbi da yawa da nake gani.

Kayan da zaka tanada

Babban baho na roba. In tuba ne baho ba zai ɗauke shi ba, sai rabin duro na roba, ko ka shimfiɗa tsohuwar tabarmar roba a tsakar gida ka yi masa wanka da buta da tiyo.
Tsohon tawul 2, ɗaya a ƙasan baho ɗaya na shanya. Kar ƙarfen ya taɓa siminti ko sau ɗaya.
Sabulun wanke kwanuka na ruwa, irin su Morning Fresh. Banda Omo, banda Hypo, banda toka da soson ƙarfe.
Ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za'a yi wa jariri wanka da shi.
Burushi mai doguwar waya da ake kira sinek, da ƙaramin burushin maufis, da na gidan bawul. In babu, burushin wanke fida na jarirai na yin gidan bawul, tsohon burushin haƙori na yin lungu-lungu.
Tsohuwar singileti ta auduga ka yayyaga. Tsumma mai zubar da zare ba naka bane.
Man bawul, da giris na silaid, wato guntayen bututun nan masu lanƙwasa da ake zarewa daga jikin ƙahon. Shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari ko Alaba ana samu. In ba giris, Vaseline na yi, sai dai zafinmu na narkar da shi da wuri.
WD-40 ko wani mai makamancinsa, don abinda ya cije.
Muciya ko ƙaramin katako, da guntun robar tif na keke.
Kwalin ƙwai ko kofuna 4, da maka ta rubutu, da wayarka don ɗaukar hoto.

Maganar man bawul bari in tsaya a kanta, don nan ne ake yawan ɓarna. Na ga an sa man gyaɗa, na ga an sa manja, na ga man inji, na ga man kitso. Duk wani mai da ake ci, bayan kwana kaɗan zai yi danƙo ya kama fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin bawul, kamar an sa gam, na inji kuma ya yi kauri, ka danna bawul sai ya tafi hutu kafin ya dawo. Man keken ɗinki shi ma ya fi ƙarfin fistan, amma ajiye shi, yana da amfani a sifirin ɗin makullin ruwa, ɗan abin nan da ake dannawa a zubar da ruwan da ya taru a cikin ƙahon. In ka rasa gaba ɗaya kuma ga fareti gobe, ka jiƙa fistan da ruwa mai tsafta kawai, zai kai ka ƙarshen fareti, sannan ka nemo na gaskiya. Wasu tsofaffin 'yan badujala da kananzir suke yi, ni dai bana so, don duk numfashin da ka ja shi kake shaƙa.

1. Ka duba kafin ka taɓa komai

Ka ɗauki hoto gaba da baya da gefe, musamman wajen bawul, don silaid ɗin tuba suna kama da juna kuma bayan awa biyu wallahi ka manta wanne ne na ina. Sannan ka kifa shi ka girgiza. Abinda ban fitar ba daga cikin tuba kaɗan ne, gidan zanzaro, kyankyaso, busasshiyar tsaka, ledar piya wata, har maufis ɗin wani ƙahon da aka shekara ana nema ana zargin yara. In ka ji abu na motsi ya ƙi fitowa ka riƙa juya ƙahon kamar sitiyari ta yadda abin zai bi hanya ya gangaro ta babban baki.

2. Cire maufis

In ya fito da ɗan murɗawa, madalla. In ya ƙi, to nan ne jarabawa. Kar ka sa filaya, kar ka matse shi a ƙofa ka murɗa ƙahon, abinda zai faru shine bututun da maufis ke shiga shi zai murɗe ya ɓalle daga liƙinsa, maufis ɗin kuma yana nan daram. Ka ɗiga WD-40 a mahaɗar ka barshi ya kwana, da safe ka riƙa ƙwanƙwasa kewayen mahaɗar da muciya a hankali, ƙwas ƙwas, wani na ja da hannu a miƙe. In akwai ƙanƙara ka ɗora a kan maufis ɗin minti kaɗan kafin ka ja, sanyi na sa shi ya ɗan tsuke. Ya ƙi duk da haka, ka barshi a jiki ka yi wankan da shi, akwai ɗan injin da ake zare shi da shi, masu gyaran kayan badujalar soja da 'yan sanda suna da shi, minti 2 ne aikin.

Kuma ka hana yara dukan maufis da tafin hannu don su ji ƙarar "fof" ɗin nan, shi ke jawo rabin matsalar.

3. Zare silaid

Kowane bawul na da nasa silaid, ga kuma babba na saita murya. Ka danna bawul ɗin ka riƙe kafin ka ja nasa silaid, kuma ka ja a miƙe da hannu biyu, banda karkatawa. Kowanne ka cire ka ɗaura masa ɗan zare ko ka jera su a tawul yadda suke a jiki.

Wanda ya cije, haƙuri ne maganinsa. WD-40 a bakin mahaɗa biyun, ka ajiye ƙahon a rana ya ɗan yi ɗumi don man ya ratsa, ka ƙara, ka bari kwana 2 ko 3 kana ƙarawa. Bayan nan ka zura tsumma mai ƙarfi ta cikin lanƙwasar, wani ya rungume ƙahon, kai kuma ka fizga gajere-gajere a miƙe. Ka lura fa, in ka ga lanƙwasar ta fara lotsawa ko ƙarfen da ya riƙe ƙafafun biyu na motsi, tsaya. Silaid ɗin bawul da ya cije a rufe ba zai hana a yi fareti ba, wanda ka ɓalle kuwa ya gama yawo. Babban na saita murya ne kawai dole sai an samu ya motsa. Ni kaina na taɓa ɓalle na wani baraton da igiya da na ɗaura a ƙarfen taga, har yau in na tuna sai na ji kunya, bandmasta bai ce min komai ba, kallona kawai yayi.

4. Cire bawul

Ka rubuta 1, 2, 3 a kofunanka, da 4 in mai huɗu ne. Na 1 shine mafi kusa da bakinka. Kwance murfin sama, zaro fistan a miƙe, sa a kofinsa. Kwance murfin ƙasa, a nan zaka tarar da sifirin a zaune don yawancin yufoniyam da tuba sifirin ɗinsu a ƙarƙashin fistan yake, sako-sako, kuma yana son tsalle ya shige ƙarƙashin gado. Komai na bawul 1 a kofi na 1. Yawanci akwai lamba a jikin fistan amma kar ka dogara da ita, wani ta goge.

Murfin da ya ƙi kwancewa, ƙwanƙwasa gefensa da muciya zagaye, ka naɗa robar tif ka murɗa da hannu.

A saman fistan akwai wasu zobba masu laushi na fel ko na kwak. Ba ado bane, su ke tsayar da fistan daidai inda hujinsa zai haɗu da hujin bututu. Ka kwance maɓallin da yatsa ke dannawa ka zare su ka ajiye a busasshen wuri, a jere yadda ka same su, don in sun jiƙe sai su kumbura ko su shafe. Akwai kuma wani ɗan haƙori a gefen fistan, na roba ko na ƙarfe, gaid ake ce masa, shi ke shiga wani siririn layi a cikin gidan bawul ya hana fistan juyawa. Kar ka kankare shi, kar ya ɓata.

Fistan bututu ne fanko mai siririn jiki. Ya faɗi ƙasa sau ɗaya ya lotsa, shikenan. Wanda ya maƙale a gida kar ka zura ƙusa ko sukundireba ta ƙasa ka buga, ka zuba mai sama da ƙasa ka jira, ka tura da katako mai faɗin da ya kusa cika gidan, da hannu.

In ƙahonka bawul ɗinsa irin mai juyawa ne, kamar na wasu tuba 'yan Jamus ko wanda ke wuyan bes trombon, kar ka kwance shi sam. Mai kawai zaka ɗiga masa.

5. Wankan gangar jiki

Tawul a ƙasan baho, ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu kaɗan. Na ce ɗumi-ɗumi ne saboda ƙahon da yake ruwan zinari akwai wani siririn shafi kamar banish a jikinsa, tafasasshen ruwa na ɗaye shi kamar fatar maciji, ya dawo dabbare-dabbare. Ka nutsar da gangar jikin da silaid ɗin su jiƙa kamar minti 30. In tuba ne da ba ya shiga ko'ina, toshe inda silaid suka fita da tsumma, ka ɗura ruwan sabulu ta babban baki, ka juya shi ka kwantar ya jiƙa, amma ku zama ku biyu, babban tuba ko babu ruwa ya haura kilo 10, da ruwa da santsin sabulu kuwa ba'a magana.

Sai ka bi kowane bututu da sinek, shiga da fita. Inda ya fi ƙazanta shine bututun farko da ke bin maufis, nan duk abinda aka ci kafin busa yake taruwa, goro, shayi, ƙosai, lemon kwalba. Abinda zai fito kore ne ko baƙi mai wari, kar ka tsorata, ka ci gaba har ruwa ya fito fari. Ba don murya kaɗai ake wannan ba, likitoci sun sha samun masu busa da tari da ciwon huhu da ya samo asali daga hunhunar da ke cikin ƙahonsu.

In ba sinek, samo igiyar nailan mai ƙarfi ka ɗaura ɗan ƙaramin noti na ƙarfe da ka naɗe da salatif a baki ɗaya, ka sake shi ya gangara ya fito ta ɗaya ɓangaren, ka ɗaura siririn tsumma ka jawo. Tsumman ya zama ƙarami, kuma ka ɗaura wata igiyar a bayansa don in ya cije ka jawo shi baya. Tsumman da ya maƙale a tsakiyar tuba ba ƙaramin tashin hankali bane. Wayar birkin keke kuma in zaka yi amfani da ita ka rufe bakinta sosai, tana karce ciki.

Gidan bawul da burushi mai laushi ko tsumma a yatsa kawai.

6. Fistan da maufis

Fistan a kofi zaka wanke su, ɗaya bayan ɗaya, da ruwan sabulu da burushin haƙori, ka bi hujojin nan duka. In ka ga wani farin abu ko kore ya daskare kamar na cikin butar shayi, ruwan rijiya da yawu ne suka bar shi, ka haɗa binega da ruwa rabi da rabi ka jiƙa minti 10 zuwa 15, ka goge ka ɗauraye sosai. Haka ƙafafun silaid. Babu binega ruwan lemon tsami da aka tace na yi. Abinda ba'a yi ko da wasa shine goga fistan da sanfefa ko Brasso wai don ya yi santsi. Tsakaninsa da gidansa tazarar ba ta kai kaurin gashi ba, duk abinda ka cinye a jikinsa iska ce zata riƙa zurarewa ta nan, kuma ba'a mayarwa.

Maufis ka wanke da burushinsa. In azurfar bakinsa ta goge har tagulla ta bayyana a inda leɓe ke zama, canza shi, yana sa ƙuraje da tsagewar leɓe, kafin ka samu wani ka shafa man farce marar kala a wurin. In kuma yara ke karɓa-karɓa da maufis ɗaya, a goge da sifirit tsakanin mutum da mutum.

7. Ɗauraya da shanya

Ka ɗauraye har santsin sabulu ya tafi, sabulun da ya rage na sa bawul nauyi. Juya ƙahon sau da yawa don ruwan da ya ɓuya a lanƙwasa ya fito, goge waje da singileti, ka barshi a inuwa ya tsane. Lokacin hunturu a ɗaki zaka shanya ka rufa masa zani, in ba haka ba ƙurar da ka wanke ita zata dawo kafin la'asar. Mai ruwan azurfa in ya yi baƙi akwai tsumman goge azurfa, mai banish kuma ruwa da tsumma sun ishe shi. Tabon da ka gani ja-ja ko ruwan hoda a bututun farko, wannan ba dauɗa bace, tutiyar da ke cikin tagullar ce ta zagwanye ta bar jan ƙarfe, kar ka kankare, huji zaka yi.

8. Haɗawa

Silaid tukuna. Shafa giris kaɗan a ƙafa ɗaya, zura ita kaɗai ka jujjuya, cire, yi wa ɗayar haka, sannan ka sa duka biyun ka goge wanda ya fito. Sai murfin ƙasa da sifirin, ka leƙa ka tabbatar sifirin ya zauna a tsakiya. Mayar da fel yadda suke. Ɗiga mai 4 ko 5 a jikin fistan, zura a hankali ka saita gaid da layinsa, ya shige ba tare da ka tura ba. Murfi kuma ka fara murɗa shi baya kaɗan har ka ji ya faɗa, sannan gaba, tiredinsu siriri ne yana saurin ci, kuma da yatsa biyu ake ɗaurewa.

In yufoniyam ɗinka mai bawul 4 ne, na huɗun a gefe inda hannun hagu ke dannawa, kuma ka ga fistan ɗinsa dogaye da hujoji da yawa ga wasu ƙananan lanƙwasa a baya, to ka yi dace, irin tsarin da Blaikley ya fito da shi ne a kamfanin Boosey a 1878 don gyara muryoyin ƙasa. Nasa fistan ɗin ko kusa ba sa karɓar musanya, ka bi lambobinka.

9. Gwaji

Busa iska ba tare da ka danna komai ba, sannan ka danna ɗaya bayan ɗaya. In iska ta toshe, ko fistan ya shiga gidan wani ko gaid bai zauna ba, ba wani aljani. In murya na fita kamar mai mura, da huci a ciki, iska na zurara, kuma wuri na farko da zaka duba shine makullin ruwa, ɗan kwak ɗin da ke toshe hujin. Sa wani ya danne shi da yatsa kana busa, in murya ta washe to shine. Ka yanko ɗan zagaye daga murfin kwalba na kwak, ko daga silifas mai laushi, ka liƙa da ɗigon gam. Sifirin ɗinsa in ya karye ɗaure da robar kuɗi kafin a samu, amma a mai azurfa kar ta daɗe, roba na sa azurfa baƙi.

Sai ka hau do re mi. A rubutun badujala irin na Ingila, inda kowa banda bes trombon yake karanta kiɗa da alamar rubutun da ake kira tirebul, yatsun iri ɗaya ne daga tenor hon har babban tuba: do babu dannawa, re 1 da 3, mi 1 da 2, fa 1, so babu, la 1 da 2, ti 2, do na sama babu. Wannan ne ma daɗin tsarin, yaron da ya iya baraton gobe ka miƙa masa tuba ya tafi.

Don saita murya sauke manhajar auna murya da ake kira tuna a waya. Mai B♭, irin su yufoniyam da baraton da babban tuba, ya busa do na sama, mai E♭, irin su tenor hon da ƙaramin tuba, ya busa so, duka wayar ta nuna B♭. Ta yi sama ka jawo babban silaid waje, ta yi ƙasa ka tura ciki. Amma ka ɗumama ƙahon da busa tukuna, da sanyin asuba murya na sauka, a rana tsaka kuma tana hawa, wanda ka saita a inuwa ƙarfe 7 ba shi zaka ji ba a fili ƙarfe 11. Wani abu kuma, badujalar Ingila har cikin shekarun 1960 da wani ma'auni suke ƙera kaya wanda ya fi na yanzu hawa, muryar A tasu na karkarwa wajen sau 452 a daƙiƙa maimakon 440. In tsohon Besson ɗinka ka ja silaid har ya kusa faɗuwa kuma har yanzu yana sama da kowa, ba laifin wankinka bane, sai an ƙara masa tsawon bututu.

10. Trombon, nasa daban ne

Duk rayuwar trombon a silaid take. Raba shi biyu, ɓangaren baki ka wanke kamar sauran. Silaid kuma ka zare na waje daga na ciki a miƙe, ka kwantar da su a tawul inda ba mai takawa, na cikin nan in ya ɗan lanƙwashe ko kaɗan ka gama jin daɗinsa. Cikin na waje ana goge shi da siririn sanda da aka naɗe da tsumma tun daga kai har ƙasa, ƙarfe kar ya leƙo, ka riƙe ƙafar da kake gogewa, ka yi ta yi har tsumma ya daina fitowa baƙi. Na ciki ka goge da singileti.

Man bawul ba nasa bane, Vaseline kuma ko kusa. Akwai kirim ɗinsa, irin su Trombotine, ka lakato kamar ƙwayar gero biyu ka shafa a ƙarshen kowace ƙafa inda ta ɗan fi kauri, ka zura ka yi ta kai da komo ya bazu, sannan ka fesa ruwa da ƙaramar kwalbar feshi. Ruwan ne ke sa gudu, kirim ɗin riƙe shi kawai yake. Mutanen da da kirim ɗin fuska na Pond's suke yi kuma yana yi. Kuskuren kowa shine cikawa, in ya yi yawa silaid sai ya koma kamar ana tuƙa tuwo. Gwajinsa, ka tsayar da shi a kan tawul ka ɗaga na ciki, na wajen ya zauna a ƙasa bai biyo ka ba. In kullum a wuri ɗaya yake cijewa to lotsawa ce, sai mai gyara. Matsayin do re mi nasa: 1, 6, 4, 3, 1, 4, 2, 1. Kuma kullum ka kulle silaid kafin ka ajiye, kar ka ɗora shi a kujera.

Bayan wanka

Wankan nan duk wata 3 ko 4 ya isa, ni nakan yi ɗaya in hunturu ya wuce, ɗaya kafin faretin 1 ga Oktoba. Na kullum shine a kuskure baki kafin busa, a ɗiga man bawul, a zubar da ruwa ta makulli da silaid in an gama, a cire maufis a sa a aljihun jaka. Ruwan nan ma yawancinsa ba yawu bane, tururin numfashi ne da ya haɗu da sanyin ƙarfe. Da hunturu ka riƙa zaro fistan kana gogewa kafin ka ƙara mai, don mai da ƙura in sun haɗu sun zama sanfefa. Sati-sati ka motsa kowane silaid ko da ba'a busa ba.

Tuba ana yawan kifa shi a kan bakinsa, in zaka yi haka ya zama jikin bango, a kan tabarma, inda ba mai taka gefen. Ba jaka, ɗinka masa ta buhu da tsohon bargo a ciki, ka toshe bakin da tsumma saboda zanzaro. Kar a ɗauke shi ta silaid ko ta bututun farko, kuma a mota kar a ɗora ganga a kansa.

Liƙin da ya ɓalle, da dalma ake mayar da shi da ƙaramar wuta. Kar ka kai wa mai walda, wutarsa zata narkar da liƙin da ke kusa ta ƙone ƙarfen, kar kuma ka cika wurin da sufa gulu don mai gyara sai ya kankare shi kafin dalma ta kama. Ka ɗaure da tsumma da igiya yadda ba zai yi motsi ba, ka tambayi 'yan badujalar barikin da ke kusa da ku wa ke musu gyara, in zaka tafi ka haɗa da maufis ɗin da duk wani guntu da ya fita, a ƙulle a leda ɗaya.